Bayani A Kan Duban Tafiya Domin Gane Asalin Ciwon Ƙafa

 

Sananne ne ga duk wanda ya taɓa shiga kara cewa dillalin kirki ba ya yanke wa doki kuɗi yana ɗaure a turke. Sai ya sa a kwance shi, a ja shi gaba, a juyo da shi, a sa shi sassarfa, shi kuwa yana durƙushe yana duban kofato. Idan dokin yana ɗaga kai sama duk sa'ad da wata ƙafa ta gaba ta taɓa ƙasa, to ya san a wannan ƙafa aibin yake, ko da mai doki ya rantse. Amma mutum in ƙafarsa ta dame shi, a zaune ake dubansa. Ya miƙe ƙafa, ya nuna wurin da yatsa, sai a shafa man zafi, ko wanzami ya kafa ƙaho, ko a yi sakiya, ko a tafi kemis a yi allura. Da wuya ka ji an ce masa, "Tashi ka taka a gani." Alhali kuwa sau da yawa inda zafi ya fito daban, inda ɓarnar take daban, kuma tafiya ita ce ke nuna wannan.

Duban ƙafa domin gane abin da ya ɓuya tsohon ilmi ne. Larabawa suna kiransa ƙiyafa, sun kasa shi biyu: bin sawu a ƙasa, da duban gaɓoɓi domin gane dangantaka. Ƙabilar Banu Mudlij ta shahara da shi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa Mujazziz, mutumin wannan ƙabila, ya tarar da Zaidu ɗan Harisa da ɗansa Usama suna kwance sun lulluɓe kawunansu, ƙafafunsu kaɗai ke waje, ya duba, ya shaida cewa uba ne da ɗa, ko da yake launin jikinsu ya bambanta. Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi farin ciki da wannan shaida. Malaman fiƙihu sun yi saɓani a kan yanke hukuncin nasaba da ita, Shafi'i ya karɓa, Abu Hanifa ya ƙi, amma wannan wata mas'ala ce dabam.

Abin da Turawa suka ƙara shi ne awo. Wani Ba'italiye mai suna Borelli ya lissafta ƙarfin tsoka da nauyin da ƙashi ke ɗauka kamar yadda ake lissafin ma'auni, aka buga littafinsa a Rum a 1680, bayan mutuwarsa. A 1836 wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa, 'ya'yan gidan Weber, suka auna tsawon taku da lokacinsa. Sa'an nan doki ya sake shigowa cikin zancen. Wani attajiri a Kalifoniya ta Amurka, Leland Stanford, ya so ya tabbatar ko akwai lokacin da doki mai gudu ke ɗauke ƙafafunsa huɗu duka daga ƙasa. A 1878 mai ɗaukar hoto Muybridge ya jera kyamara 12 a gefen fili, kowace ta ɗauki dokin yana wucewa. Hotuna suka nuna lalle akwai wannan lokaci, amma sa'ad da ƙafafun suka taru ƙarƙashin ciki ne, ba sa'ad da suka miƙe gaba da baya kamar yadda masu zane suka daɗe suna yi ba. Daga nan aka gane ido yana rasa abu mai yawa a cikin motsi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da sojoji masu yawa suka komo gida ba ƙafa, likita Verne Inman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya suka zurfafa binciken tafiyar mai lafiya domin a ƙera musu ƙafar da za ta yi daidai.

Ga abin da aka tabbatar. A ƙafa guda, daga idon sawu zuwa yatsu, akwai ƙashi 26 da gaɓa 33. An harhaɗa su kamar baka, kuma a ƙarƙashin tafi akwai wata farar igiya mai faɗi da ta taso daga diddige zuwa gindin yatsu, ita ce tsirkiyar bakan. In mutum yana tafiya, kowace ƙafa tana ƙasa kusan kashi 60 cikin 100 na lokacin, tana sama kashi 40. Diddige ke fara sauka, nauyi ya bi gefen tafi na waje, ya ƙetaro zuwa gindin yatsu, ya fita ta babban yatsa. Nauyin da ke sauka a kowane taku ya ɗan ɗara nauyin jikin mutum duka, in kuwa gudu yake yi ya ninka shi biyu ko uku. Mil guda taku ne kusan 2,000. Watau ɗan koli da ke zaga gari mil 5 a yini ya ɗora nauyinsa a kan kowace ƙafa sau 5,000. Ƙaramar karkata wadda ido bai ɗauke ta komai ba, in aka maimaita ta haka kullum shekara da shekaru, dole wani wuri ya biya bashin.

Likitan ƙashi ko ma'aikacin gashin ƙashi da ya san aikinsa, ga yadda yake yi. Ya sa mai ciwo ya tuɓe takalmi, ya cire babbar riga, ya naɗe wando har sama da gwiwa, domin tufafin ƙasar nan suna suturta ɗingishi kamar yadda suke suturta jiki. Mace kuwa 'yar'uwarta mace ta dube ta. Sa'an nan ya yi tafiya a fili mai tsawon kamar taku 15, ya je ya komo sau da dama, ana dubansa ta gaba, ta baya, ta gefe. Ana kuma sauraro, don ƙarar takun mai lafiya daidai take zuwa, ta mai ciwo kuwa ɗaya gajeriya ce ɗaya doguwa, saboda yana gaggawar ɗauke ƙafar da ke masa zafi. Bayan wannan a ce ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya yi ɗage bisa yatsu, ya yi tafiya bisa diddige, ya tsuguna ya tashi. Daga ƙarshe a ɗauki takalmansa biyu a kifa su a gwada. In diddigen takalmi ya ɗan ci ta gefen waje, haka na yawancin mutane yake. Abin lura shi ne in ɗaya ya ci fiye da ɗaya, ko bakin takalmi ya goge ta gaba, ko wuri guda ya lotsa daga ciki. Tsohon takalmi ba ya ƙarya, shi ya sa bai kamata mai zuwa asibiti ya sa sabo don kunya ba.

A manyan asibitocin duniya akwai ɗakuna da ake manna wa mutum ƙananan alamu a gaɓoɓi, kyamarori su ɗauka, wani faranti da aka binne a daɓe ya auna nauyin taku, kwamfuta ta haɗa lissafi. Amfaninsu ya fi bayyana ga yaran da suka sami rauni a ƙwaƙwalwa wajen haihuwa, kafin a yanke shawarar yi musu aiki. Amma galibin ciwon ƙafar da ke damun mutanen kasuwa da na zaure bai bukaci wannan ba. Ido mai horo ya isa, kuma wayar hannu da ke ɗaukar hoto mai motsi ta maimaita shi a hankali tana yin abin da kyamarori 12 na Muybridge suka yi.

A ɗauki misalin mai shago a Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi, wanda ke yini tsaye bisa siminti da silifas. Ya tashi da asuba zai je alwala, takun farko ya ji kamar ya taka ƙusa a diddige. In ya ɗan zagaya sai ya lafa, in ya daɗe zaune ya tashi sai ya dawo. Wannan tsirkiyar nan ce ta gaji a inda ta kama ƙashin diddige. In aka sa shi tafiya, sau da yawa sai a ga diddigensa yana saurin barin ƙasa, ko tafin yana buɗewa waje kamar na agwagwa. Dalili kuwa naman sha-raɓa da agara sun ɗaure, idon sawu ba ya lanƙwasa yadda ya kamata, sai tsirkiya ta riƙa shan ja a kowane taku. Maganinsa na farko ba a diddige yake ba. Ya fuskanci bango, ya dafa shi, ya mai da ƙafar mai ciwo baya a miƙe, diddige a ƙasa, ya karkata gaba har ya ji sha-raɓa tana ja, ya riƙe rabin minti, ya maimaita safe da yamma. Ya bar tafiya ba takalmi a kan siminti, ya nemi takalmi mai taushin ciki mai ɗan tudun diddige, ya sami kujera a shago. Yawancin masu wannan ciwo suna warkewa cikin watanni zuwa shekara guda ba tare da wuƙa ba. Wani lokaci hoton ƙashi yakan nuna ɗan tsiro kamar ƙaya a diddige, mai ciwo ya firgita. Kada ya firgita, mutane da yawa suna da wannan tsiro ba su taɓa jin komai ba. Allurar da ake yi a diddige tana kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma yawan maimaita ta yana iya tsinka tsirkiyar.

Wanda ya fi wannan hatsari shi ne ciwon gwiwa wanda ba na gwiwa ba ne. Akwai jijiyar ji da ke hidima ga kwatangwalo da gwiwa gaba ɗaya, don haka gaɓar kwatangwalo takan lalace mutum ya riƙa kuka da gwiwa. A yi ta gasa gwiwa, a tsattsaga ta, a ɗaure ta, an bar jaki ana dukan taiki. Wani likita Bajamushe, Trendelenburg, ya bayyana alamar wannan a 1895. In mai lafiya ya tsaya da ƙafar dama, ƙugunsa yana nan daidai. In kwatangwalon dama ya raunana, sai ƙugu ya zube ta hagu, in yana tafiya kuwa sai ya riƙa jefa kafaɗa dama a kowane taku domin ya rage wa gaɓar nauyi. Malamin makaranta ya fi kowa damar ganin wannan, tun da yaran suna wucewa ta gabansa kullum. Almajiri ɗan shekara 10 zuwa 15 da ya fara ɗingishi, tafinsa yana juyawa waje, yana cewa gwiwa ko cinya, kada a ce lalaci ne ko gudun aike. A wannan shekaru kan ƙashin cinya yakan zame daga mazauninsa, musamman ga yaro mai jiki, kuma ga mai amosanin jini, watau sikila, kan ƙashin yakan mutu saboda jini ya daina isa gare shi. Duka biyu in an gano da wuri ana iya ceton gaɓar, in an yi jinkiri gurguntaka ce ta har abada.

Haka kuma wanda ya karye aka yi masa ɗori, ƙashi ya kama amma ya gajarta. Shekaru su wuce, ya manta da karaya, sai ciwon kwankwaso ko na ɗaya gwiwar ya taso. Gwajin mai sauƙi ne: ya tsaya, a riƙa sa siraran katako ƙarƙashin gajeriyar ƙafar har ƙugu ya daidaita, sai a auna kaurin katakon. Bambancin da bai kai santimita 1 ba yana jikin mutane da yawa kuma ba ya cutarwa. Wanda ya wuce santimita 2 shi ake gyarawa, baduku ko shumeka ya ƙara wa takalmin wannan ƙafa kauri gwargwadon awon.

Akwai wata tafiya da ta shafi ma'abuta zama. Mutum ya riƙa ɗaga gwiwa sama kamar mai hawa matakala, tafinsa ya faɗo ƙasa da ƙara, yatsu suna tuntuɓe, silifas yana suɓucewa. In aka ce ya yi tafiya bisa diddige sai ya kasa. Jijiyar da ke ɗaga tafi tana bi ta gefen gwiwa na waje, ƙasa kaɗan, a kan wani ɗan ƙashi, ba nama mai kauri da ya rufe ta. Wanda ya harɗe ƙafa tun hantsi har azahar yana rubutu ko yana biya karatu, ko ya daɗe a tsugune, yana iya danne ta har ta daina aiki, balle in ya rame. In wannan ne sanadi, yakan warke cikin makonni ko watanni bayan an bar danne ta, an kuwa riƙa canja zama. Amma irin wannan tafiya takan zo daga laka a gadon baya, takan zo kuma ga yaro bayan allurar da aka soka a tsakiyar ɗuwawu ta sami babbar jijiya. Guragun shan inna ma suna da tasu alama, wadda kowa ya sani, ta dafa cinya da hannu a kowane taku don kada gwiwa ta lanƙwashe. An shaida wa Afirka kuɓuta daga asalin ƙwayar wannan cuta a 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, kuma ƙarfen tallafi da aka auna daidai yana sauƙaƙa musu tafiya.

Babin da ya fi kowane nauyi shi ne ƙafar da ba ta ciwo alhali ya kamata ta yi. Mutane sun daɗe suna zaton kuturta ce da kanta ke cinye yatsu. Wani likita Baturen Ingila, Paul Brand, wanda ya fara aiki a Vellore ta ƙasar Indiya a 1946, ya bi kutare yana duban tafiyarsu da takalmansu, ya gane cewa cutar jin zafi take kashewa. Mai lafiya in ya yi doguwar tafiya wuri guda ya fara zafi, sai ya sauya taku ba tare da ya sani ba, wurin ya huta. Wanda ba ya ji kuwa yana ɗora nauyi a wuri guda sau dubbai, nama ya daddage daga ciki, kaushi ya taru a sama, gyambo ya buɗe a ƙarƙashi, ƙwayar cuta ta shiga ƙashi. Maganin da ya fito da shi takalmi ne mai laushin roba da aka ƙera gwargwadon tafin kowane mutum, da hutar da ƙafa har miki ya rufe. Da ya koma Amurka a 1966 sai ya nuna cewa ƙafar mai ciwon sukari ma haka take.

Wannan kuwa ya shafi gidaje da yawa a yau. Mai sukari da ke jin tafinsa kamar ya taka auduga, ko yana tafiya yana buɗe ƙafa yana duban ƙasa, ko takalmi ya fice bai sani ba, to ya shiga wannan hali. Alwala ta ba shi damar duban ƙafarsa sau biyar a yini, sai ya duba tsakanin yatsu da ƙarƙashin tafi, ya tsane su sarai. Ya zazzage takalmi ya sa hannu ciki kafin ya sa ƙafa. Kada ya yanke kaushi da reza, kada ya gasa ƙafa a bakin garwashi da hunturu, kada ya taka daɓe mai zafi ba takalmi, kuma wannan ya ƙone alhazai da yawa a Makka da Madina. Har kaushin nan da zaman tahiya ke bari a idon sawun hagu, wanda ba komai ba ne ga mai lafiya, ga mai sukari abin dubawa ne. Miki kuwa komai ƙanƙantarsa, ko ba ya zafi, na asibiti ne a ranar.

Wajibi ne kuma a faɗi inda ake wuce gona da iri. Yanzu akwai masu sa mutum ya taka wata na'ura, su nuna masa launuka a allo, su ce tafinsa a shimfiɗe yake, su sayar masa da shimfiɗar takalmi da tsada. 'Yan kasuwa sun san irin wannan ciniki. Shimfiɗaɗɗen tafin da ba ya ciwo ba cuta ba ne, kuma a ciwon diddige gwaje-gwaje ba su nuna wata babbar rata tsakanin shimfiɗar da aka ƙera wa mutum musamman da wadda ake sayarwa a kanti ba. Haka yaro ƙarami: ƙafa takan gantsare kamar baka har wajen shekara 2, ta koma gwame wajen shekara 3 zuwa 4, ta miƙe da kanta wajen shekara 7. Wanda ake kai wa likita shi ne mai karkata ta ɓangare ɗaya, ko wadda ke ƙaruwa, ko mai kumburin wuyan hannu, domin wannan taushin ƙashi ne. Binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa ƙarancin kalsiyam a abinci shi ne babban sanadinsa ga yaran da aka duba, kuma ƙara musu shi yana gyara ƙashin.

Dattijon da gwiwarsa ta ci saboda shekaru yana da abu biyu a hannunsa. An auna cewa duk kilo 1 da mai ƙiba ya rage, nauyin da ke sauka a gwiwa a kowane taku yana raguwa da kusan kilo 4. Na biyu kwagiri ne, kuma yawancin mutane a hannun da bai dace ba suke riƙe shi. In gwiwar dama ce ke ciwo, a hannun hagu ake riƙewa, ya sauka ƙasa tare da ƙafar dama. Tsawonsa ya kai wuyan hannu in mutum ya tsaya ya saki hannu.

A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, yana da sashen gashin ƙashi da na ƙera ƙafar roba da takalman gyara, kuma asibitocin koyarwa na jihohi suna da masu wannan aiki. Sai dai akwai halaye uku da ba a tsayawa duban tafiya a cikinsu. Yaron da ya ƙi taka ƙafa sam ga zazzaɓi, ana tsoron mugunya ce a gaɓa ko a ƙashi, kwana ɗaya ko biyu na iya lalata ta. Mai shan taba ko mai sukari da sha-raɓarsa ke ƙullewa in ya yi 'yar tafiya, ta saki in ya tsaya, jijiyar jini ce ta ƙuntata, in kuwa ƙafar ta yi sanyi ta sauya launi farat ɗaya to a ruga da shi. Na uku ya shafi matafiya: wanda ya sauko daga doguwar tafiyar mota ko jirgi, daga Ikko ko Jidda ko Sin, ya ga sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, kada a matsa ta, kada a kafa mata ƙaho, domin mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya, kuma gudan yana iya ɓallewa ya tafi huhu. A kai shi asibiti a wannan rana, a faɗa wa likita awa nawa ya yi a zaune.